Kafin ka ɗauko Baffa daga Jalingo a dasa masa haƙori

A Babbar Sallar 2023 na lura Baffana ya daina cin nama a gaban mutane. Ƙanin mahaifina ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya koma gidansa a Jalingo, mutumin da a da shi ke fara yankar hanta a raba wa yara kafin a gama fiɗa. A wannan shekarar sai aka kawo soyayyen nama ya ture kwanon gefe, ya ce a dama masa kunu. Da dare na matsa masa da tambaya, ya buɗe baki ya nuna mini: turame uku na ƙasa a ɓarin hagu duk an cire, na sama guda ɗaya kuma yana girgiɗi. Ya ce, "Ɗana, ba ciwon ne ya dame ni ba, kunyar tauna a gaban surukai ce."

Mu 'ya'yan gidan da ke aiki a Abuja muka yi abin da duk ɗan halak zai yi. Muka haɗa kuɗi, muka nemi asibitin haƙori mai kyan gani, mai sanyin na'ura da allon talabijin a ɗakin jira, muka ɗauko shi a farkon 2024 aka dasa masa haƙora biyu. Kuɗin guda ɗaya ya kusa albashin shekara na ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashin nan na Naira 70,000. Muka biya da farin ciki, har da ɗaukar hoto ranar da aka ɗora masa hulunan haƙoran bayan wata huɗu. Ya koma Jalingo yana murmushi.

Bayan damina sai ɗaya daga cikinsu ya fara motsi. Likitan haƙorin da Baffa ya gani a Jalingo, Allah ya saka masa da alheri, ya duba ya ce matsalar ba ta da girma, ƙaramin notin da ke riƙe da hular ne ya kwance, aikin minti goma ne. Sai dai ya tambayi sunan kamfanin da ya ƙera ƙarfen da lambarsa, domin kowane kamfani da irin mabuɗinsa. Baffa bai sani ba. Ni da na biya kuɗin ban sani ba. Muka kira asibitin Abuja, aka ce likitan da ya yi aikin ya bar ƙasar, kuma a fayil ɗin ba a rubuta komai ba sai kwanan wata da adadin kuɗi. A lokacin ambaliya ta riga ta karya gadar Namnai da ke kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, mutane na ƙetarawa a jirgin fito. Haka dattijo mai shekara saba'in ya ɗauko hanyar Wukari, Makurdi, Lafiya, Akwanga da Keffi, tafiyar yini guda cur, saboda notin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ban kawo wannan labari don in ɓata sunan dashen haƙori ba. Fasaha ce ta gaske, tana cikin manyan abubuwan da ilimin likitancin haƙori ya samar a ƙarnin da ya wuce, kuma na ga amfaninta da idona. Na kawo shi ne domin na san yawancin masu karanta wannan shafi irina ne: ma'aikatan tarayya da hadiman manya, waɗanda jikinsu ke Abuja amma iyayensu na Jalingo, Gembu, Bali, Zing ko Karim Lamido, waɗanda su ake kira idan haƙori ya hana tsohuwa barci, su ne kuma ke kama wa maigida layin ganin likita. Ra'ayina shi ne muna ɗaukar dashen haƙori kamar sayen kaya, a biya a karɓa a wuce, alhali kuwa alkawari ne na kulawa har ƙarshen rayuwa. Wanda ba shi da hanyar cika wannan alkawari a garin da majinyacin yake kwana, bai kamata ya fara ba.

Sai an san yadda abin yake kafin a gane dalili. Abin da ake kira dashen haƙori kashi uku ne. Akwai kusa mai murɗi ta ƙarfen titaniyam da ake huda ƙashin muƙamuƙi a ɗaura ta a ciki, ita ce madadin saiwa. Akwai ɗan ginshiƙin da ake haɗawa a kanta ya leƙo ta saman dasashi. Sai hular tangaran da ido ke gani, wadda ake taunawa da ita. Sirrin abin yana cikin kusar. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashin zomo, ya sa wani ɗan bututun titaniyam a ƙafar dabbar. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya manne da ƙarfen, ya ƙi rabuwa. Jiki bai ɗauki titaniyam a matsayin baƙo ba, ya rungume shi. Shekara goma sha uku ya yi yana bin diddigin wannan al'amari kafin a 1965 ya dasa wa mutum na farko, wani mai suna Gösta Larsson, a birnin Gothenburg. Larsson ya rasu a 2006 haƙoran na nan daram a bakinsa, bayan shekara arba'in. Duniya ba ta karɓi fasahar hannu bibbiyu ba sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1982.

Masu tallar dashen haƙori na son labarin shekara arba'in ɗin nan. Abin da ba sa faɗa shi ne Larsson yana zaune ne kusa da likitocinsa, suna dubansa shekara da shekaru. Ba a dasa masa aka sallame shi zuwa garin da ke da nisan yini guda ba.

Mannewar ƙashi da ƙarfe tana ɗaukar wata uku zuwa shida, gwargwadon wurin da ingancin ƙashin. Kafin nan ma sai an tabbatar akwai ƙashin da za a kafa kusar a ciki, domin da zarar an cire haƙori, ƙashin da ke riƙe da shi yakan fara zaizayewa, mafi yawa a watannin farko. Wanda ya shekara biyar da giɓi sau da yawa sai an fara yi masa ƙarin ƙashi, a jira ya warke, sannan a dasa. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke kai ji ga leɓe da haɓa, idan aka taɓa ta mutum na iya zama da dindirisin leɓe na dogon lokaci, wani ma har abada. A na sama akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda kusa ke iya hudawa. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙashi mai nuna tsawo da faɗi da kauri, irin na na'urar CBCT, kafin a taɓa majinyaci. Duk wanda ya ce zai dasa maka haƙorin baya da ɗan ƙaramin hoto guda ɗaya, ka nemi takalminka.

Akwai kuma bambanci tsakanin haƙorin da Allah ya halitta da wanda mutum ya kafa, bambancin da ba a cika yi wa majinyata bayaninsa ba. Haƙorin asali ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba. Akwai wasu siraran zare da ke rataye da shi a cikin gurbinsa, su ne ke rage ƙarfin tauna, su ne kuma ke sanar da kai ka tauna tsakuwa a cikin shinkafa kafin ka fasa haƙorin. Kusar titaniyam ba ta da wannan. Ba ta ruɓewa, gaskiya ne, ba ta yin kogo. Amma dasashi da ƙashin da ke kewaye da ita suna kamuwa da cuta idan datti ya taru, kuma ciwon yakan ci ƙashi a ɓoye, ba zafi ba raɗaɗi, sai ranar da abin ya fara girgiɗi. A lokacin kuwa sau da yawa bakin alƙalami ya bushe. Maganin wannan shi ne ganin likita a kai a kai, a wanke, a auna, a ɗauki hoto lokaci zuwa lokaci. Ba asuwaki kaɗai ba, duk da alherin asuwaki.

To ga tambayar da ban yi wa kaina ba a 2024: wa zai yi wa Baffa wannan a Jalingo, da wane kayan aiki, kuma da wane bayani a hannunsa?

Jalingo ba ƙauye ba ne. Babban birnin jiha ne tun da aka ƙirƙiri Taraba daga tsohuwar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991. Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, akwai Asibitin Ƙwararru na jiha, akwai jami'a, akwai filin jirgin sama, akwai likitocin haƙori masu aiki da gaskiya. Amma ƙwarewar likita ba ta buɗe notin da ba shi da mabuɗinsa. Kamfanonin da ke ƙera waɗannan ƙarafa suna da yawa a duniya, daga irin su Straumann na Suwizalan da Nobel Biocare da Osstem na Koriya ta Kudu, zuwa ƙanana masu araha da ke shigowa kasuwa yau su ɓace gobe. Kowanne da siffar mahaɗarsa, da notinsa, da mabuɗinsa. Kamar mota ce: makanikin da ya fi kowa iyawa a Jalingo ba zai iya komai ba idan ka kawo masa motar da ba a sayar da kayan gyaranta a Najeriya, kuma ba ka ma san sunanta ba. Ga kuma canjin kuɗi. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023 ta tashi daga ƙasa da 500 a kan Dala ɗaya ta haura 1,500 a 2024, duk wani abu da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo, kuma kowane ɓangare na dashen haƙori daga waje yake zuwa. Wannan ya sa wasu asibitoci komawa ga kamfanoni masu sauƙin kuɗi ba tare da sun gaya wa majinyaci ba. Araha a ranar dashe, tsada a ranar gyara.

Wannan a cikin Jalingo ke nan. Wanda iyayensa ke Gembu a kan tsaunin Mambila, shi kafin ma ya iso Jalingo ya yi tafiyar da ta isa a kira ta tafiya.

Yanzu ga batun da ya shafi aljihun ma'aikaci. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya za ta ɗauki wani abu. Tsarin ya fara aiki a 2005 a ƙarƙashin NHIS, sannan dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta mayar da hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Amma tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci ne da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas. Iyaye ba sa cikin lissafin sai an yi musu rajista ta daban da ƙarin kuɗi. Ko shi ma'aikacin kansa, ƙa'idojin aiki da tsohuwar NHIS ta fitar a 2012 sun jera dashen haƙori, da hula, da gadar haƙori, da aikin farar da haƙora, cikin abubuwan da ba a biya kwata-kwata. Abin da aka ce ana biya shi ne duba baki, wankin haƙori, ƙananan tiyata, da aikin jijiyar haƙori da haƙoran roba a kan adadi ƙayyadajje.

Na sha jin abokan aiki na cewa wannan zalunci ne, ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su matsa a sa dashen haƙori cikin abin da inshora ke biya. Na fahimci fushinsu, amma ban yarda da su ba, aƙalla ba a yadda suke faɗa ba. Asusun inshora tukunya ɗaya ce. Kuɗin da za a dasa wa darakta ɗaya haƙora huɗu a Maitama zai cike kogon haƙoran masinjoji da direbobi da 'ya'yansu masu yawan gaske, ya hana a kai ga cirewa tun farko. Kuma mun san wa zai fara cin moriyar irin wannan ƙari: wanda ke zaune kusa da asibitin da ke yin aikin, wanda ya san wanda zai kira a kamfanin HMO a ba shi lambar izini cikin awa ɗaya. Ma'aikacin tarayya da aka tura ofishin Jalingo ko Wukari za a ci gaba da cire masa nasa kason ba tare da ya ga komai ba. Faɗan da ya fi cancanta a yi shi ne a kan abin da aka riga aka rubuta ana biya: ma'aikaci ya je wankin haƙori a yi masa ba tare da an ce na'ura ta lalace ba, ya je da kogo a cike masa maimakon a ce cirewa ta fi sauƙi. Yawancin giɓin da ke bakinmu daga nan ya samo asali. Mutum ya jure ciwo da kanumfari da maganin kemis har sai kunci ya kumbura, ya isa asibiti a makare, a ba shi zaɓi tsakanin aikin jijiya mai tsada da cirewa mai araha, ya zaɓi cirewa. Haƙoran Baffa uku haka suka tafi, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara goma, kuma babu ko ɗaya daga cikinmu da ya aika masa kuɗin ciko a lokacin, domin ciko ba abin ɗaukar hoto ba ne.

Akwai wata gaskiya da asibitin da ke son sayar maka da dashe ba zai yi saurin faɗa ba: ba kowane giɓi ne ke bukatar cikewa ba. Baligi na da haƙora 32, amma tun 1981 wani likita a ƙasar Holan mai suna Käyser ya nuna cewa mutumin da ke da haƙoransa na gaba da ƙananan turamen da ke biye da su, kusan ashirin ke nan masu haɗuwa sama da ƙasa, yana iya tauna abinci daidai gwargwado ko da ya rasa manyan turamen can ƙurya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 1992 ta ɗauki riƙe haƙora ashirin na asali a matsayin burin da ake nema ga mutum har tsufansa. Wani giɓin ana barinsa a sa masa ido. Wani ana rufe shi da gada, wato a sassaƙe haƙoran da ke gefe da gefe a ɗora musu haƙorin tsakiya, ko da yake hakan na nufin taɓa lafiyayyun haƙora biyu. Wani kuma haƙorin roba ya wadatar, wanda idan ya karye ana iya gyara shi a kusa da gida. Mun raina haƙorin roba ne saboda muna ganin na talaka ne, kuma saboda mun saba ganin wanda aka yi shi da ganganci yana rawa a baki. Wanda aka auna da kyau, aka gyara shi bayan dasashi ya lafa, ya fi ƙarfen da babu mai duba shi.

Wani zai ce: ashe kana nufin mai kuɗin Abuja ya dasa, talakan Jalingo ya haƙura da roba? Wannan tuhuma ce mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba. Akwai mutanen da dashe ne hakkinsu, ba ado ba. Dattijon da ya rasa duka haƙoransa na ƙasa yana cikinsu, domin haƙorin roba na ƙasa ba shi da abin kamawa, harshe na ture shi, yana yawo a baki har mutum ya gaji ya jefa shi cikin kofi ya koma kunu. Tun a 2002 ƙwararru suka haɗu a Jami'ar McGill da ke Montreal suka yi matsaya cewa ga irin wannan majinyaci, abin da ya kamata a fara ba shi shi ne kusoshi biyu kacal a gaban muƙamuƙin ƙasa, waɗanda haƙorin robar zai maƙale a kansu kamar maɓalli. Haka matashin da hatsarin hanya ya zubar wa haƙoran gaba, da wanda aka yanke wa wani sashe na muƙamuƙi saboda ƙari, da waɗanda suka tsira daga cutar nan ta noma mai cin fuskar yara, wadda Najeriya ta jagoranci fafutikar da ta sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi watsi da su a watan Disambar 2023, kuma wadda ake da asibiti na musamman dominta a Sakkwato tun 1999. Idan za a buɗe ƙofar inshora ga dashen haƙori, ga waɗannan ya kamata a buɗe ta, a asibitocin gwamnatin tarayya, da sharaɗin cewa asibitin da ya dasa shi zai ci gaba da dubawa. A nan ne nake ganin ya dace 'yan majalisar Taraba da hadimansu su sa baki: a tanadar wa sashen haƙori na asibitin tarayya da ke Jalingo na'urar hoto, da kayan aiki na kamfani ɗaya ko biyu sanannu, da horar da likitocin da za su zauna. Mutumin Zing ko Lau ya samu a yi masa a kusa da gida, a duba shi a kusa da gida.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne ga gyaran haƙori a ƙasar waje. Haƙorin Makka ya daɗe yana shaida cewa hajiya ta sauke farali, kuma malamai sun daɗe da yin bayani a kan halaccin gyara abin da ya lalace a jiki, suna kafa hujja da ƙissar sahabin nan Arfaja wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, aka yi masa izinin sa na zinariya bayan na azurfa ya yi wari. Amma haƙorin Makka hula ce da ake ɗorawa a kan haƙorin da ke nan, ba huda ƙashi ba ne. Abin da ke faruwa yanzu daban ne. Hadimi ya ga talla a Instagram, ya haɗa wa maigida tafiyar mako guda zuwa Turkiyya, Masar, Indiya ko Dubai, a cire, a dasa, a ɗora haƙoran wucin gadi, a dawo ana yaba aiki. Akwai ƙwararrun likitoci a waɗannan ƙasashe, babu musu. Sai dai ƙashi ba ya sanin tikitin jirgi, wata uku zuwa shida ɗin nan sai ya cika su, kuma matsalar da za ta taso bayan shekara biyu a Najeriya za ta taso. Idan tazarar Abuja da Jalingo ta wahalar da mu haka, sai a auna ta Istanbul da Jalingo.

Tun da an ambaci addini, akwai abin da majinyaci Musulmi zai so ya sani kuma ba a cika gaya masa ba. Garin ƙashin da ake ƙarawa a muƙamuƙi wani daga ƙashin saniya ake sarrafa shi, wani daga jikin majinyacin kansa, wani kuma haɗin ɗakin bincike ne. Fatar da ake lulluɓe shi da ita kuwa, wasu fitattun nau'o'inta daga alade ake samo su. Hukuncin wannan na malamai ne, ba nawa ba, amma tambaya hakkin majinyaci ce, kuma akwai madadi ga wanda ya nema.

Da zan koma farkon 2024, kafin in biya ko sisi sai na kai Baffa an auna masa suga, ba na yatsa na safiya ɗaya ba, wanda ke nuna matsakaicin wata uku. Ciwon sugan da ba a shawo kansa ba yana hana rauni warkewa, yana kuma ƙara haɗarin ciwon dasashi. Mu ba mu ma san yana da shi ba sai daga baya, domin irin dattawan nan ne da ke ɓoye ciwo kada su ɗaga wa yara hankali. Sai na tambaya ko yana shan wani maganin ƙarfafa ƙashi ko na tsinka jini, domin duka biyun suna da ruwa da tsaki a wannan tiyata. Mai shan taba kuwa, gara ya san kuɗinsa yake jefawa a rijiya idan bai daina ba. Sai na bukaci a fara magance ciwon dasashin da ya kayar da haƙoran farko, domin ƙwayoyin cutar da suka ci na asali ba za su ji kunyar na ƙarfe ba. Sai na nemi ganin lasisin likitan na shekarar daga majalisar MDCN mai rajistar likitoci da likitocin haƙori, in kuma tabbatar shi ɗin likitan haƙori ne, ba mai ƙera haƙoran roba ko mai wankin haƙori ba, waɗanda sana'o'insu masu daraja ne amma huda ƙashi ba ya cikinsu. Yaron da bai gama girma ba kuwa ba a dasa masa, sai muƙamuƙinsa ya tsaya.

Fiye da duka, ba zan bar asibitin ba sai da takarda a hannuna mai ɗauke da sunan kamfanin, da nau'in kusar, da tsawonta da kaurinta, da lambar da ke manne a jikin kwalinta, da kwafin hotunan ƙashi. Kowace kusa tana zuwa da wannan 'yar takardar mannawa, ba alfarma ba ce a ba ka ita. Ina ganin lokaci ya yi da MDCN za ta wajabta wa duk mai dasa haƙori bai wa majinyaci irin wannan kati, NAFDAC kuma, tun da kayan aikin asibiti na ƙarƙashin kulawarta, ta sa ido a kan irin ƙarafan da ake shigowa da su ana binnewa a ƙasusuwan mutane. Wannan ba ya bukatar kasafin biliyoyi, takardar umarni ce. Wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu su ne ke tsara irin waɗannan takardu a kai wa shugabanni su sa hannu. Kuma kafin a ɗauko majinyaci daga gida, sai in fara zuwa wurin likitan haƙorin da ke garinsa in tambaye shi wane kamfani yake da kayan aikinsa, in ya yiwu a dasa irinsa. Da likitan Jalingo ya kamata mu fara, mu kuwa da shi muka ƙare.

A ƙarshe wata ma'aikaciyar asibitin Abujan ce ta tono tsohon littafin ajiyar kaya ta gano sunan kamfanin, aka aro mabuɗi daga wani asibitin, aka ɗaure notin cikin ƙasa da minti goma kamar yadda likitan Jalingo ya faɗa. Na sayi irin mabuɗin guda ɗaya, na haɗa da takardar bayanin na sa a ambulan, Baffa ya tafi da su. Yanzu suna cikin akwatin da yake ajiye takardun fanshonsa, duk wata shida yana ɗauka ya kai wa likitansa. Haƙorin sama mai girgiɗi ya faɗi a bara. Da muka ce a sake ɗauko shi a dasa, ya ce a'a, a yi masa na roba a nan Jalingo, kuɗin kuma a biya wa jikarsa aikin jijiyar haƙorin da aka ce za a cire mata.